Babila, Wanzamin Awendjé

Ranar da aka kama Babila, ruwa ya fara tun kafin a sallame sallar asuba. Azumi ya ɗan wuce rabi, a shekarar 1995. Ruwan Libreville ba irin na gida ba ne, wanda za a ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, mata su kwashe shanya. Shi daga teku yake zuwa, ya sauko miƙe kamar an kifar da randa, kuma ko yana zuba zufa ba ta barin mutum. Kafin gari ya gama wayewa lungunan unguwarsu ta Derrière la Prison sun zama rafi, mutane na bin katakon da aka jera suna dafa bango.

Babila ya tsaya bakin ƙofa, zabirar askinsa a kafaɗa, yana jiran ruwan ya tsagaita. Matarsa Rakiatou ta buɗe kwalla, ta ciro katinsa na zaman ƙasa a naɗe cikin leda, ta miƙo masa.

"Malam, sa shi aljihu. Ka dai ji abin da rediyo ke faɗi."

"Cikin wannan ruwan? Kin manta yadda tsohon katin ya yi? Tawada ta narke, hotona ya koma kamar na aljani. Mayar da shi inda yake bushe."

"To in suka tare ka fa?"

"'Yar Gabon, jandarma ma mutum ne, ba ya son jiƙewa. Wa zai fito kamun mutane yau? Ni ma don kawunan da na yi wa alkawari ne."

Ta ɗan tsaya da katin a hannu, sannan ta mayar ta rufe kwalla. 'Yarsu Ni'imatu, mai shekara shida, tana barci a gefen kakarta. Ya leƙa su, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwa.

Sunansa na yanka Abduljalil, amma tun ranar suna ba a sake kiransa da shi ba. A Mirriya aka haife shi, kusa da Damagaram, a gidan wanzamai. Sunan kakansa na wajen uwa aka mayar masa, saboda haka uwar ba ta iya faɗa, sauran matan gida ma ba sa iyawa, sai aka ce Tsoho. Da Tsoho ya yi rarrafe, da Tsoho ya yi 'yar makarantar allon da ba ta wuce izu biyu ba. Lakwal, makarantar boko, inda ake kiran sunan yaro kowace safiya ya amsa, bai taɓa shiga ba. Mahaifinsa Salissou ya koya masa aski da ƙaho da cire belu. Labari kuwa wajen wani tsohon malamin unguwarsu ya samo shi, wanda yake yi wa aski duk Alhamis. Malamin na da labarai da yawa, amma ɗaya ne ya zauna masa a kai: labarin Buktanasar, sarkin Babila.

A 1974 ya ji ana cewa man fetur ya fito a Gabon, ana neman hannu. Ya bi ta Kano, ya sauka Kalaba, ya shiga jirgin ruwa yana amai har aka iso. Shekara biyu ya yi yana ɗaukar siminti a manyan gine-ginen bakin teku, tare da mutanen Mali da Togo da Benin. Bayansa ya fara ciwo, sai ya tuna da zabirar da ya zo da ita a ƙasan jaka. Ya sami wani itacen mangwaro a gefen kasuwar Awendjé, inda direbobin taksi na Nijar ke tsayawa shan shayi. Ya kafa benci, ya rataya ɗan madubi a jikin itacen.

To ga yadda yake aikinsa. In ya jiƙa kan mutum ya goga sabulu, sai ya fara labarin. In ya gama ya share askar a tafin hannu, sai ya yi shiru, ko da a tsakiyar magana ne. Wanda ya zauna bayan wancan, daga farko za a faro masa, domin a cewarsa kowane kai da nasa Buktanasar.

Yakan ce sarkin nan maraya ne, ɗan wata matalauciya, kansa duk kirci, yara ba sa yarda su ci abinci da shi. Ya shiga soja don ya sami tuwo. Allah Ya ba shi sa'ar takobi, yau shugaban goma, gobe shugaban dubu, har ya wayi gari a kan karaga. Ya ci gabas, ya ci yamma, ya ƙone Baitul Muƙaddas. Amma shi ba zinariya ce ta fi damunsa ba. In ya ci gari sai ya ce a duba hannuwan mutane: mai kanta a tafi, maƙeri ne ko magini ko masaƙi ko wanzami, a ware shi gefe. Su ya kora a ƙafa har Babila. Suka gina masa ganuwa mai faɗin da dawaki huɗu ke tafiya a jere a kanta. Suka yi ƙofofi masu shuɗin tubali. Matar sarki 'yar ƙasar duwatsu ce, ta dinga kuka tana kewar gida, sai ya sa aka gina mata dutse na tubali, aka hau da ƙasa da itatuwa da ruwa har ƙololuwa.

A nan yakan ɗaga aska ya ce, "Ita da ta yi kewar gida an gina mata dutse. Su da suka ɗauki tubalin, wa ya tambaye su ko suna da gida?"

Wani cikin direbobi ya ce Allah Sarki. Yawanci daidai nan kai ke ƙarewa.

Akwai wani Bakano mai shagon kayan masarufi a bakin kasuwar, Alhaji Maitama. Ka san Kanawa da Damagarawa, ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"Kai bawana, shekara nawa ina kawo maka kaina, sarkin nan har yau bai faɗi ba?"

"Alhaji, laifin kanka ne. Sanƙo ya cinye rabi. Da me zan kai ka ƙarshe?"

"To aske gemun ma."

"Gemun Bakano? Gashi bakwai? Ko ƙofar gari ba zai kai mu ba."

"Wallahi na gane ka. Ba ka san ƙarshen ba ne. Malaminku ya mutu bai faɗa maka ba."

"Na sani sarai. Ranar da ka samu kai irin na mutane, ka zo."

Haka mutane suka dinga cewa za su wajen mai Babila, har mai ɗin ya faɗi, ya rage Babila. Mutanen Gabon masu sayar da kifi da rogo a kasuwar ma haka suke kiransa, suna tsammanin sunan da uwarsa ta raɗa masa ke nan.

A Libreville ya yi aure. Rakiatou jikar Hausawan da suka daɗe a ƙasar ce, a nan aka haife ta, takardunta na 'yar ƙasa ne. Tana suyar ƙosai da fanke da safe, tana ɗan ɗinki da rana. Mahaifiyarta Adda, wadda ɓarin jikinta ya shanye, tana tare da su a ɗaki biyun da suke haya. Sau uku Rakiatou na haihuwa ana binnewa kafin Ni'imatu ta zo ta tsaya. Mace ce mai kunya irin ta da. A shekara goma sha bakwai na aurensu ba ta taɓa kama sunansa ba, ba na yanka ba, ba Tsoho ba. Malam take cewa. In da wani malamin a wurin sai ta ce shi.

Katin zaman kuwa, ma'aikacin ofis ya kwafo shi ne daga takardar Nijar yadda Faransawa suka koya musu: sunan uba a gaba, na mutum a baya. Salissou, sannan Abdoul, sannan Djalil, kamar mutum uku. Babila ba ya karanta boko. Da hoto da hatimi yake gane katinsa.

A watan Janairun 1994 aka wayi gari rediyo ta ce an karya sefa, kuɗin ƙasar, an raba darajarta biyu. A gida, inda mutum ke da rumbu, da sauƙi. A Libreville komai jirgi ke kawo shi: shinkafa, madara, mai, sabulu, har albasa. Kafin sati ya zagayo kasuwa ta zama wurin faɗa. Masu aski duk Juma'a suka koma sau ɗaya a wata, wasu suka rufe kai da hula suka haƙura. Aka yi yajin aiki, aka ƙone tayoyi a titi, soja suka fito. Maƙwabtan da ke gaisuwa da fara'a suka fara cewa baƙi ne suka cinye ƙasar. Ba duka ba, gaskiya, amma maganar ta shiga iska. Can sai doka ta fito: duk baƙon da ba shi da kati mai rai ya bar ƙasar, an sa wa'adi, aka ƙara 'yan kwanaki zuwa tsakiyar Fabrairun 1995, daga nan sai kamu.

Rakiatou ta sayar da keken ɗinkinta da jeren kwanonin aurenta, ba ta yi shawara da kowa ba. Babila ya yi kwana tara yana bin layi tun asuba kafin ya fito da sabon kati. Da ya kawo gida ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a leda. Wannan katin shi ne benci, shi ne ɗaki biyun nan, shi ne ya ga Ni'imatu ta girma a gabansa. Shi ya sa yake tsoron ko ɗigon ruwa ya taɓa shi.

Da yawa ba su samu ba. Ana ta sayar da katifu da tukwane a bakin titi, jirage na kwasar mutane daga tashar Owendo. Alhaji Maitama ya ce shi ba inda za shi, shekara ashirin da biyu ba a kore shi ba, ba yanzu ba. A kwanakin nan masu zama benci sun fi matsa wa Babila ya kai su faɗuwar sarki. Wani dattijo ya ja shi gefe ya ce ya rage maganar sarakuna a irin wannan lokaci, bango na da masu saurare. Babila ya ce, "Ni nawa sarkin ya mutu tun kafin Annabi Isa. Wa zai kai ƙarata?"

To a ranar nan, ruwa ya ɗauke da hantsi. Babila ya share benci, Maitama ya zo ya zauna. An aske ɓarin dama, Buktanasar na kan hanyar Baitul Muƙaddas, sai manyan motoci biyu suka toshe titin gaba da baya. Jandarmomi suka diro. Babu gudu, kasuwa ce mai ƙofa biyu.

Ɗaya daga cikinsu ya miƙo wa Babila hannu, yana neman kati. Babila ya haɗa ɗan Faransancin da yake da shi, ya ce kati na gida, sabo ne, matarsa na iya kawowa yanzu. Jandarman ya ce tun safe kowa katinsa na gida. Ya buɗe zabira, ya ga asake jere, ya rufe ya jefa cikin motarsu. Wata mai kifi 'yar Gabon, wadda Babila ya taɓa yi wa ɗanta ƙaho, ta ɗaga murya ta ce wannan tsohon ɗan unguwa ne, ba su saurare ta ba. Yana hawa mota ya ga ta bar tirenta ta kama hanyar Derrière la Prison da sauri. Hankalinsa ya kwanta.

Wani babban sito aka kai su kusa da tashar jiragen ruwa, rufin kwano, ƙasan siminti, ƙofa ɗaya. Mutane sun kai ɗari huɗu. Hausawa suka tattaru a kusurwar can ciki, nesa da ƙofa, don su sami wurin yin salla. Ga azumi, ga zafi, ga wari. Bayan azahar ruwa ya dawo, ya dinga dukan kwanon nan har sai ka sa baki a kunnen mutum. Wani magidanci da ya bar matarsa da tsohon ciki ya kifa kai a gwiwa yana kuka, samari suka fara maganar su ture ƙofa.

Maitama na zaune da kansa rabi a aske, sabulu ya bushe a kai. Ya dubi samarin, ya dubi Babila.

"Bawana."

"Na'am, Alhaji."

"Ga kai, babu aska. Yau ba ka da inda za ka tsaya. Ƙarasa mana."

Babila ya yi ɗan murmushi. Shi a ransa baƙo ne a wurin, yanzu za a zo a fitar da shi, kuma yana jin kunyar hakan a gaban waɗanda ba su da mai kawo musu komai. Ya ga ko ba komai ya bar musu wannan. Ya gyara zama, aka matso aka kewaye shi.

Ya ce da aka gama ganuwa, aka gama dutsen matar sarki, sai fari ya zo. Hatsi ya yi wuya a Babila. Fadawa suka ce, ranka ya daɗe, bakunan nan da ka kwaso sun yi yawa. Sarki ya ce ai gini ya ƙare, a buɗe ƙofa a kora su. Aka kori maƙera, aka kori magina. Har wanzamin da ke yi masa aski, wanda shi kaɗai ya san akwai tabon kirci a ƙarƙashin rawani, shi ma aka haɗa da shi. Da la'asar sarki ya hau soro, ya dubi birni ya miƙe har inda ido ya ƙare, babu ƙarar guduma ko ɗaya. Ya ce, wa ya gina wannan in ba ni ba? Bai rufe baki ba Allah Ya ɗauke masa hankali. Ya sauko da rarrafe, ya bi ta tsakiyar fada, ya fita ƙofar gari, ya shiga cikin shanu yana cin ciyawa.

"Shekara bakwai," in ji Babila, "babu aski, babu yankan farce. Gashi ya cukurkuɗe ya rufe fuska, farce ya lanƙwashe kamar na shaho. Fadawa suka bazu daji suna kira, suna kirari, suna buga tambari. Suna wucewa ta gabansa, bai ɗaga kai daga ciyawa ba."

Daidai nan aka buɗe ƙofar sito. Wani jandarma ya tsaya da abu a hannu, ya yi ihu cikin ƙarar ruwa.

"Salissou! Salissou Abdoul!" Sauran ya tauna shi yadda harshensa ya ba shi.

Babila ya ji Salissou ɗin, ya wuce ta kunnensa. Mahaifinsa ya yi shekara ashirin a ƙasa, kuma wa ke kiran mutum da sunan ubansa tsirara? Wani direban taksi mutumin Tawa, shi ma Salissou, ya zabura ya tsallake mutane ya nufi ƙofa. Daga nesa suka ga jandarman ya dubi abin hannunsa, ya dubi direban, ya ɗauke shi da mari har ya zauna. Samari suka yunƙura. Babila ya san in suka tashi kulki ne zai yi aiki, sai ya ƙara murya, ya kama hannun na kusa da shi.

"Ku zauna, ku ji. Maginan da ya kora suka zo wucewa da kayansu a ka, suka gan shi bakin rafi. Wani ya ce wannan wace irin dabba ce? Wani ya jefa masa ɓawon gurasa."

Jandarman ya sake kira sau biyu. Babu wanda ya tashi. Ya ja ƙofa.

Babila ya kai su ƙarshe. Ya ce bayan shekara bakwai mutumin ya ɗaga ido sama, hankali ya dawo. Ya taka da ƙafa biyu zuwa ƙofar gari, ya ce ni ne sarki. Masu gadi suka yi dariya, suka ba shi sauran abinci. A gindin ganuwar ya zauna har ya mutu. An ce tubalan na nan har yau a ƙasar Iraƙi, kowanne da hatiminsa a jiki, awaki na hawa suna sauka.



"Shi ke nan?" in ji Maitama.

"Shi ke nan."

"Shekara ashirin ina ba ka kaina saboda wannan? Da na sani da na bar shi a kan karaga." Ya yi dariya, dariyar ta juye, ya sa hannun riga ya rufe ido.

Da ruwan da ke yoyo daga rufi suka buɗe baki, daga baya aka jefo musu burodi. Babila ya koma kusa da ƙofa ya zauna. Ya ce wa Maitama wataƙila ruwa ne ya hana ta, ka san lungunmu. Washegari ya ce wataƙila jikin Adda ne. Duk jandarman da ya leƙo sai ya tashi ya ce masa kati na gida. A rana ta uku aka jera su aka shigar da su jirgi. Yana hawa tsani yana waiwaye, yana duba matan da suka taru bayan waya, bai gano ta ba. Wani zargi ya ɗarsu a ransa wanda bai taɓa zaton zai ji game da Rakiatou ba.

Sai da ƙasa ta ɓace, a yini na biyu cikin teku, direban nan Salissou ya zo ya tsuguna a gabansa. Kuncinsa har lokacin a kumbure.

"Baba Babila, ka yafe mini."

"Me ka yi mini, ɗana?"

"Katin nan da jandarma ya shigo da shi. Na ga hoton. Kai ne."

Babila ya dube shi.

"Na ji an ce Salissou, na ce ko Allah ne Ya kawo mini. Da ya mare ni kaina ya juya. Na dawo zan faɗa maka, na ga an kewaye ka, na ji tsoron abin da za a yi mini. Na ce in an sake kira zan yi magana. Ba a sake ba."

"Wane suna ya ce bayan Salissou?"

"Abdul wani abu. Jalil, ina ji."

Babila ya maimaita sunan a hankali, kamar yana tambayar labarin wani mutumin da ya taɓa sani. Sannan ya ce, "Tashi, ƙafarka za ta yi sanyi. Ko ni da na ji shi da kyau, ban san ko zan waiwaya ba."

A Kwatano aka sauke su. Maitama ya nufi Legas, wani ya riga ya ƙarasa masa askin da reza a jirgi, suka rungumi juna, ko zagin wasa ba su iya yi ba. Babila ya hau motar kaya zuwa Nijar. Ya shiga Mirriya ana saura kwana biyu salla, da rigar da ya fita aiki da ita.

Bayan wata huɗu wani fatake ya kawo masa kaset. Ya ari rediyo, ya shiga ɗaki ya rufe. Muryar Rakiatou ce. Ta gaishe shi, ta ce Adda na gaisuwa, Ni'imatu ta daina tambaya da rana sai in za ta kwanta. Sannan ta faɗi yadda aka yi.

Ta ce tana jin saƙon mai kifi ta ɗauki kati ta fita ko mayafin kirki babu. Wuri uku ta je kafin ta gano siton. A ƙofar waje jandarma ya karɓi katin ya ce, yaya sunan mijinki? Ta sunkuyar da kai ta ce a rubuce yake. Ya ce na sani, ke nake tambaya. Ta ce a rubuce yake. Ya dube ta, ya shiga. Da ya fito ransa a ɓace, ya ce wani ya taso ba shi ba ne, mai hoton kuma bai amsa ba, wato katin haya ne kuka kawo ku fitar da wani. Ta ce a kira Babila, kowa ya san shi. Ya ce babu Babila a nan. Ya kifa katin a ƙirjinsa ya ce, in mijinki ne, faɗi sunan da ke ciki, yanzu.

"Malam, na san shi," in ji muryar cikin kaset. "Wallahi na san shi. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ga maza tsaye suna kallona. Na ce a raina, Rakiatou, faɗi mana, yau ɗaya. Da na samu ya fito, ni kaina da ƙyar na ji. Shi kuwa ya riga ya juya, ya sa katin a aljihu. Na koma washegari, na koma jibi, na tsaya a ƙofar ina faɗinsa da ƙarfi, aka ce wancan jandarman an canza masa wurin aiki."

Daga nan kaset ɗin ya yi ta juyawa babu magana, sai numfashinta, da zakaran maƙwabta da ya sani.

Ya aika mata da nasa. Ya ce laifinsa ne da ya bar katin, ita ta ce ya ɗauka. Ya ce kada ta sake tuna ƙofar nan, ita ta yi abin da aka tarbiyyantar da ita a kai, shi ma haka.

Sau biyu ya gwada komawa. Na farko aka mayar da shi daga iyakar Kamaru. Na biyu ya kai bakin ruwa a Oron, kwalekwalen da ya riga nasu tashi ya kife da mutane, ya tsaya ya ga ana jera gawarwaki a yashi, ya juyo. Rakiatou ba ta iya barin Adda, Adda kuma ba ta iya tafiya. Suka yi ta aika kaset, shekara biyar. Da Adda ta rasu Rakiatou ta fara haɗa kaya, ta ce bari Ni'imatu ta gama ajin da take ciki. Kafin hutu ya zo ciwon ciki ya kwantar da ita, kwana goma sha ɗaya. An binne ta kusa da mahaifiyarta da 'ya'yanta uku. Ƙanin Rakiatou ya riƙe yarinyar.

Ya ci gaba da aski a Mirriya da asaken wansa, amma waɗanda ya aske a shekarun nan sun ce shiru yake aikinsa.

Yanzu yana nan Mirriya, a gidan ɗan wansa, ɗakin da ke kusa da zaure. Ya kusa tamanin, idonsa ya yi hazo, hannunsa na rawa, ya ajiye aiki. Ni'imatu na Libreville da mijinta da 'ya'ya uku, tana da shagon atamfa a Awendjé. Takan kira shi a waya ranar Juma'a. Tun tana shekara shida bai sake ganinta ba.